Bututun Da Kawu Ya Koya Wa Magana

Duk wanda ya shigo gidan Kawu yin ta'aziyya, bayan ya ce Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, sai ya ƙara da cewa, "Malam mutum ne mai haƙuri." Ina zaune cikin mata a tsakar gida, carbi a hannuna, ina jin wannan magana tana ta maimaituwa har sai da na fara duban fuskokin masu faɗarta, in ga ko gidan suka ɓata. Kawu, wan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina 'yar firamare a Ƙofar Kaura, yana da halaye masu kyau da yawa, amma haƙuri ba ya cikinsu. Mutum ne mai saurin hawa, ba ya son a katse shi, kuma in ka yi masa tambayar wauta zai dube ka ta saman tabarau har ka ji da ma ba ka zo ba.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta fi kowa kusantar gaskiya. Ta zauna kusa da Inna, matar Kawu, ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce, "Allah sarki Injiniya. Yanzu wa za shi riƙa korar mana yara daga bakin bututu?" Mata suka yi 'yar dariya, suka kame bakinsu da sauri. Wata kuma da ta zo daga GRA, matar wani tsohon abokin aikinsa, ta ce ai ta ji an ce a ƙarshen rayuwarsa ya ɗan taɓu, wai yana kara kunne a jikin ƙarfe yana cewa ƙarfe na magana. Ta faɗa ƙasa-ƙasa, da muryar tausayi. A nan na ajiye carbin na shige ɗakin Inna, don na san bakina.

A waje, inda maza suke zaune a kan tabarmi, Baffa ne ke karɓar gaisuwa. Baffa wan mahaifina ne, shi ne kuma shugaban kwamitin ruwa na unguwarmu. An gaya mini duk wanda ya ce masa, "Alhaji, ya haƙuri?" sai ya amsa, "Da godiya," ya sunkuyar da kai, ba ya ƙara ko kalma ɗaya. Mutumin da kullum shi ke cika taro da magana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a duk kwanakin zaman makokin nan ban ji mutum ɗaya ya ambaci abin da Kawu ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa a kai ba. Bai taɓu ba. Na'ura ya ƙera wadda ke kare injin ruwan unguwarmu daga ƙonewa, ta kuma yi aiki, na gani da idona. Ba ni da ilimin da zan farfaɗo da ita, amma ba zan yarda a tuna shi a matsayin tsohon da ke korar yara ba.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka shiga zaɓe, kowane ɗan takara da ya shigo unguwarmu ruwa yake alkawari. Mu dai an cika mana. An haƙa rijiyar burtsatse a kwari, can ƙasan unguwa, aka gina wa injin ɗan ɗaki, aka kafa tankin ƙarfe mai dogayen ƙafafu a kan tudu kusa da kufan ganuwa, sannan aka haɗa su da bututun ƙarfe mai kauri wanda ya bi gefen kwata a kan 'yan dakali na siminti. Matsalar ita ce, wanda ke ɗakin inji ba ya hango tanki. Tanki zai cika ya yi ta ambaliya, ruwa na cin gindin katangun mutane, inji kuma na can yana ta ja har ruwan rijiyar ya ja baya, ya koma zuƙar iska, ya ƙone. In ya ƙone kuwa, unguwa ta koma hannun 'yan garuwa ke nan wata da watanni kafin a samo wani.

An gwada jan waya daga tanki zuwa ɗakin inji. Ba ta daɗe ba ɓarayin tagulla suka kwashe ta. Aka sake ja, suka sake kwashewa. Aka ce mai gadi ya riƙa hawa tudu yana dubawa, shi kuwa tsoho ne mai ciwon gwiwa, ga salla, ga barcin rana.

A lokacin Kawu bai daɗe da yin ritaya ba daga wata masana'anta a Kaduna, inda aikinsa shi ne kula da na'urorin awon zafi da na awon matsi a jikin manyan tukwanen ƙarfe. Ranar da kwamiti ya zauna a ƙofar gidan Baffa, sai ya miƙe ba tare da an ba shi dama ba, ya nuna bututun da sandarsa.

"Kuna ta neman waya, ga waya nan kwance gabanku wadda ɓarawo bai iya ɗauka. Wani shi ɗauki dutse shi bugi ƙarhen nan a gindin tanki, ni in tsaya ɗakin inji in gaya maku sau nawa ya buga. Ƙarhe ya hi iska kai sauti nesa. In ya kai bugun dutse, mi zai hana shi kai saƙo?"

Baffa ya gyara zaman hularsa ya ce, "To Malam, in dai ba huda mana shi za ka yi ba, ga ka ga bututu."

Da wannan izinin na jeka-na-yi-ka Kawu ya fara. A cikin tanki ya sa ƙwallon roba mai iyo a kan ruwa, ruwa na hawa tana hawa. Ya haɗa ta da ɗan akwati mai batir, daga akwatin kuma ya ɗaure wani ɗan faifan tagulla, bai fi kwabo girma ba, a jikin bututun. Faifan yana rawa da sauri, rawar na shiga ƙarfe ta zama ƙara wadda kunne da ƙyar yake kamawa. In ruwa ya yi ƙasa murya daban, in ya kai rabi daban, in ya cika daban. A ɗakin inji ya ɗaure wani faifan wanda ya kira kunne, shi ke karɓar ƙarar ya miƙa wa akwati mai fitilu uku, ja da rawaya da kore. In kore ya kama, akwatin da kansa zai kashe inji.

A baki ke nan. A aikace sai da ya ci shekaru, ya kuma ci mana kwanciyar hankali. Faifan farko daga agogon bangon Inna ya ciro shi, agogon da aka kawo mata tsaraba daga Makka. Ta dawo daga unguwa ta tarar da shi a buɗe a kan tabarma.

"Malam, agogona ne wannan?"

"Shina ba da lokaci har yanzu. Kukan ne kawai na ara."

"To yaushe za ka maido mashi da kukan?"

Bai taɓa mayarwa ba.

Babbar wahalarsa ita ce bututu ba shi kaɗai ke magana a cikinsa ba. Inji na gurnani, ruwa na gudu, yara na kiɗa da gwangwani, wani ya ɗaure akuya tana ta goga ƙaho, mai faci ya mai da dakalin maƙera. Duk wannan akwatin yana ji, sai ya rikice ya kashe inji tanki na wayam, mata su yi ta Allah-wadai a bakin famfo. Daga nan korar yaran ta samo asali. Zai fito da riga a saɓe yana daka tsawa, yara su watse suna dariya, su dawo da ya juya baya. Daga baya ya gane ba zai iya rufe bakin unguwa ba, sai ya canza dabara. Ya sa akwatin sama ya riƙa maimaita saƙonsa, na ƙasa kuma kada ya gaskata sai ya ji magana iri ɗaya a jere. Ya ce mini, "Kamar alƙali ne, Uwata. Bai yanke hukunci da bakin mutum guda."

Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai kuma taɓa kama sunan ba har ya koma ga Allah.

Kullum akwai doguwar sukudireba a aljihun rigarsa, har ta huda aljifan riguna da yawa. In ya isa wurin bututu sai ya dafa bakinta a kan ƙarfen, ya kara marfin a kunnensa, ya rufe ido. Wannan ne matar GRA ta ji labari ta kira taɓuwa. Yana da maganganunsa da muka haddace tun muna yara. In ka kawo masa rediyo ka ce ba ya aiki, sai ya ce, "Bai aiki ba magana ba ce. Gaya mani yadda bai aikin." In kana ba shi labari kana kewaye-kewaye, sai ya ɗaga hannu, "Yi shiru ka ji tukuna." Har liman ya taɓa gaya wa haka a kan maganar gyaran lasifikar masallaci.

Akwai alherin da ya yi mini wanda ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Ni ungozoma ce. Lokacin da nake makarantar koyon aikin, an kusa mayar da ni baya saboda na kasa jin bugun zuciyar jariri da ɗan ƙahon da ake karawa a cikin mai juna biyu. Sauran ɗalibai suna ji, ni kuwa sai shuuu kawai. Na dawo gida na zauna a zaure ina kuka. Kawu bai lallashe ni ba, bai ma iya ba. Ya ce in sa hijabi in biyo shi. Ya kai ni gefen kwata da rana tsaka, mutane na wucewa suna kallonmu, ya miƙo mini sukudireba.

"Mi kika ji?"

"Ƙara kawai, Kawu."

"Ƙara nawa?"

Na ce ban sani ba. Ya ce to mu kwana nan. Na daure na saurara, can na ce akwai gurnanin inji. Ya ce in ajiye shi gefe. Na ce akwai gudun ruwa. Ya ce shi ma in ajiye shi. A ƙarƙashinsu sai ga wata siririyar ƙara tana zuwa tana ɗaukewa, a tsare, ba ta kuskure.

"To kin gani. Ba kurma ce ke ba. Kina neman abu guda ne cikin taro, alhali sai kin san kowa da sunanshi kahin ki hidda wanda kike so."

Mako na zagayowa na ji zuciyar jariri na farko, ƙarƙashin kukan hanjin uwarsa da bugun jininta. Na dawo da gudu na gaya masa. Ya ce, "To," ya ci gaba da abin da yake yi. Inna ce ta gaya mini daga baya cewa ya fita ya sayo tsire a ranar, ya ce wai shi ne yake marmari.

Da na'urar ta daidaita, inji ya daina ƙonewa. Damina ta zo ta wuce, bazara ta zo ta wuce, aka sake zaɓe, fastoci suka rufe ƙafafun tanki, ruwa bai yanke ba sai in wuta ce babu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba wanda ya lura. Da inji na ƙonewa kowa na da bakin magana, da ya daina kuwa sai aka ce Allah ya sa an dace da inji mai ƙwari wannan karon. Mai gadi ya samu barcinsa cikakke. Baffa na karɓar yabo a taron unguwanni, ana cewa kwamitinsa ya iya riƙo.

Kawu bai damu da yabo ba, ko dai ya nuna bai damu ba. Abin da yake so shi ne a sa irin akwatinsa a sauran tankunan gari, don a lokacin kusan kowace mazaɓa an kafa mata nata, kuma injinansu na ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. Ya sa ƙafa ya bi ofisoshi. Yau a ce mai gida ya tafi Abuja, gobe a ce yana taro, jibi a ce ba nan ne ofishin da ya dace ba. Yana dawowa da yamma takalmansa sun yi fari, ya zauna ya ƙi cin abinci. Roƙonsa ɗaya ne, a turo wanda ya san aiki ya zo ya gani da idonsa.

Amma kada in yi masa ƙaryar da masu ta'aziyya suka yi masa. Shi ma ya taimaka wajen toshe wa kansa hanya. In ya samu wanda zai saurare shi, maimakon ya ce ga matsala ga magani, sai ya faro daga yadda sauti ke tafiya a cikin ƙarfe, har mutum ya fara duban ƙofa. Na roƙe shi ya koya wa wani. Na samo masa ɗalibai daga kwalejin fasaha, masu hankali, masu son koyo. Ɗaya ya kai hannu zai taɓa akwati kafin a ce ya taɓa, shi ke nan Kawu ya sallame su duka. Na ce, "Kawu, in ba ka nan fa?" Ya ce, "Ina za ni?" Na fita daga zauren ina huci, na yi kwanaki ban gaishe shi da sakin fuska ba.

Ana nan sai kansilanmu ya zo da albishir. Ya shawo kan wasu injiniyoyin ruwa na jiha, za su zo ranar Alhamis su duba. Ban taɓa ganin Kawu cikin irin wannan zumuɗi ba. Ya goge fitilu, ya canza batir, ya ba da babbar rigarsa a kai wa mai bugu. Sai dai a makon yana da ganin likitan ido a Kano, wanda ya daɗe yana jira. Ya so ya fasa, ni na matsa masa ya je, likitan kuma ya riƙe shi har ya kwana. Ya ce ba komai, komai a shirye yake, zai kamo motar farko ranar Alhamis.

A bayansa unguwa ta shiga shirin baƙi, yadda muka saba. Aka share kwata, aka shafa wa ɗakin inji farar ƙasa, aka kafa rumfa, aka jera kujeru, mata suka haɗa zoɓo da cincin. Baffa na zagayawa yana duba komai, sai idonsa ya faɗa kan wani yanki na bututun, daidai inda motocin baƙi za su tsaya. Wurin ya yi tsatsa, yana ɗan yoyo, an naɗe shi da tsohuwar robar taya. Baffa ya ce wannan abin kunya ne, ba za a ce manya sun zo Ƙofar Kaura sun ga haka ba. Ya kira mai gyaran famfo, aka yanke yankin, aka sa sabon bututun roba fari tas, irin wanda ake yayi. Da zuciya ɗaya ya yi, don ya fita kunyar baƙi, ya kuma fita kunyar Kawu.

Ranar Alhamis aka yi abin da ba a taɓa yi ba, baƙin gwamnati suka zo a kan lokaci. Kawu na sauka daga motar Kano ya zura riga ya wuce ɗakin inji, ya tarar har sun zauna. Aka yi gaishe-gaishe, aka yi addu'a, kansila ya yi jawabi. Sannan Kawu ya shige gaba, baki har kunne, ya buɗe ƙofa ya nuna akwati. Ba ja, ba rawaya, ba kore.

Ina tsaye cikin mata daga nesa ina hango shi. Ya duba batir, ya taɓa wayoyi, ya kwance kunnen ya sake ɗaurewa. Gumi ya jiƙa bayan rigar da aka buga. Baƙi suka sha zoɓo suna duban agogo. Akwai wani matashi a cikinsu, Allah ya yi masa albarka, ya durƙusa kusa da Kawu yana yi masa tambayoyi masu ma'ana, har ya ce shi ya taɓa karanta cewa ana gwada irin wannan a jikin jiragen ruwa. Amma shi ba shi ne babba ba. Babbansu ya miƙe ya kama hannun Kawu da hannu biyu ya ce, "Baba, Allah ya saka da alheri, an yi ƙoƙari. In ta gyaru sai a sanar da mu." Na san wannan muryar, da ita muke sallamar dangin majinyacin da ba mu da abin yi masa.

Motoci ba su gama juyawa ba Kawu ya zaro sukudireba ya fara bin bututun daga ɗakin inji, yana tsayawa a kowane dakali yana saurare. Mutane suka bi shi a baya. Yana isa wurin farin bututun ya tsaya cak. Baffa na tsaye a wurin.

"Alhaji, wa ya yi wannan?"

"Ni na sa aka yi, Malam. So kake baƙi su iske bututu ɗaure da tsumman roba? Ai ka ga yadda ya yi kyau. Kuma ruwa na wucewa lahiya lau."

"Ruwa na wucewa. Magana ce ba ta wucewa. Roba ba ta kai sauti, Alhaji, shanye shi take. Ka yanke mani harshe ranar da aka zo jin bakina."

Baffa ya ce, "To ai ba ka taɓa gaya mana ba."

Wallahi gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona wa Kawu rai. Duk shekarun nan bai taɓa zaunar da kwamiti ya ce musu kada a raba ƙarfen nan da ɗan'uwansa ba. A ganinsa abu ne da ko yaro ya sani. Ya mayar da sukudireba aljihu ya tafi gida, bai ko waiwayi rumfar ba.

Da ya huce na tambaye shi ko abin zai gyaru. Ya ce aikin yini ɗaya ne. A ɗaure sandar ƙarfe ta tsallake robar ta kama ɓangarorin biyu, sannan a sake daidaita akwatin, don muryar bututun ta riga ta canza. Na ce to bismillah. Ya ce wanda ya yanke shi ya zo ya ce a gyara. Na tafi wurin Baffa. Ya ce shi bai yi laifi ba, gyara ya yi, kuma ya girmi Malam, in Malam na son taɓa bututu wa ya hana shi? Na koma wurin Kawu, ya ce a taron jama'a aka ba shi izini, a taron jama'a aka kunyata shi. Na koma wurin Baffa, ya ce, "Ɗiyata, ki bar shiga maganar manya."

Ni ce a tsakiya, wan uwa a dama, wan uba a hagu, kowanne ina jin nauyinsa. Abin takaicin, ba gaba suke yi ba. Kullum suna haɗuwa a ƙofar masallaci bayan la'asar.

"Alhaji, ina wuni?"

"Lahiya lau, Malam. Ya gida?"

"Lahiya lau. Ya iyali?"

"Alhamdu lillahi. Ya idon?"

"Da sauƙi. Ya jama'a?"

"Sai godiya. A gaida gida."

Su tambayi lafiyar kowa da komai, har awaki, ban da bututun da ke kwance taku kaɗan daga inda suke tsaye. Mai gadi ya koma hawa tudu da gwiwarsa. Tanki ya koma ambaliya. Na ɗauko mai walda da kaina aka ɗaure sandar ƙarfen, fitilu suka yi ta ƙyaftawa ba kan gado, ja da kore a lokaci guda. Na zo na gaya wa Kawu ina tsammanin zai ji haushi ya tashi ya gyara. Ya ce, "Na gaya maki sai an daidaita." Ya juya ya ci gaba da sauraron rediyo. Ranar na yi kuka don haushi, ba don tausayi ba.

Ana cikin haka ciwon ya same shi, wata safiya yana alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Muka yi jinya a asibiti, muka dawo da shi gida. Baffa ya zo dubiya, ya zauna a bakin gado ya daɗe yana murza hularsa a hannu. Ya yi addu'a, ya miƙe kamar zai tafi, ya sake zama.

"Malam," in ji shi, "in Allah ya ba ka lahiya, ka taimaka ka duba mana bututun nan. Ni na ɓata shi."

Kawu ya dube shi, bakinsa na motsi, ba abin da ke fita. Ya ɗaga hannun hagu ya yafito ni. Ya fara zana wani abu da yatsa a kan zanen gado, ya murɗa yatsu kamar mai juya noti, ya nuna sama, ya nuna ƙasa, ya dube ni. Na ce, "Kawu, ban gane ba." Ya sake yi a hankali. Na kawo takarda da biro, hannun hagu ya ƙi ba shi haɗin kai. Ya sake gwadawa washegari, da wanshekaren washegari, har ya gaji ya daina. Duk abin da ya sani game da akwatin nan yana cikin kansa, a shirye yake yanzu ya bayar, ba ƙofar fita.

Allah ya gafarta wa Kawu, ya yafe masa zafin ransa, ya sa kowane bokitin ruwa da aka ɗiba a shekarun da akwatinsa ke gadin injin nan ya zame masa sanyi a kabari. Allah ya ba Inna dangana, ya sassauta wa Baffa abin da yake ɗauke da shi.

Cikin bazara ya rasu, da hantsi. A makon ne injin ya ƙone, mai gadi ya kwanta zazzaɓi, ba wanda ya tuna ya kashe shi. Da masu wanka suka zo suka nemi ruwa, famfon gidan ko ɗigo babu, randar Inna kuma saura na sha. Samari suka miƙe za su nemo, Baffa ya ce kowa ya zauna. Shi da kansa ya fita bakin titi cikin rana, da babbar riga, ya tsaya har Allah ya kawo wani mai garuwa yana tura kura. Ya sauke jarka da hannunsa, ya rungumo ta, ruwa na fantsama a gaban rigarsa, ya ƙi yarda kowa ya karɓe shi. Ina tsaye a bakin zaure na matsa masa ya wuce, bai dube ni ba.

Na tambayi mai garuwar daga ina ya ɗebo. Ya ce ai duk unguwar nan babu, sai da ya je har Ƙofar Sauri. Da wannan ruwan aka yi wa Kawu wanka.